Sa Ɗaya Nawa, Ɗaya na Nomau

Zuwa ga ɗana Sunusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun isa Watari lafiya, kai da iyalinka, kun sauke kaya kun huta gajiyar hanya. Allah Ya sa wurin ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku daga sauron bakin ruwa da duk wani sharri, na fili da na ɓoye. Innarku tana gaishe ku. Tun ranar da motarku ta ɗaga, in ta zo rabon tuwo sai ta zuba har da kwanonka, sannan ta tuna ta mayar cikin tukunya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan kana jin sa a waya. Magana ce ka yi mini a zaure ranar tafiyarku, na kasa ba ka amsa. Ka ce tunda filin da surukinka ya ba ka na noman rani ne, ga ruwan dam a kusa, ba ka ga amfanin jan dabbobi zuwa can ba. Ka ce da zarar ka zauna za ka aiko a sayar da maruƙan nan biyu da na ware maka, da tumakin da ka tara, ka sayi babban injin ban ruwa, ka cika filin da tumatir tun daga wannan iyaka har waccan. Na ce maka, "To." Ka san halina, in magana ta yi mini nauyi "To" kaɗai take fitowa. A waya kuwa kafin in kai inda na nufa sai kati ya ƙare, ko ka ce ana kiran ka. Shi ya sa na nemi biro da takarda. Rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ka yi haƙuri da shi.

Dabbobin naka ne, ba zan hana ka ba. Amma ina so ka ji abin da ya same ni lokacin da na yi irin wannan tunani, ina da kamar shekarunka na yanzu.

A gidan kakanka ban taɓa jin an ce ga noma daban, ga kiwo daban ba. Abu ɗaya ne. Da damina awaki da tumaki suna ɗaure a turke saboda shuka, mu kuma in mun dawo daga gona kowa da damin ciyawa a ka. Abin da suka ci suka bari, da abin da suka zubar, nan yake taruwa ƙarƙashinsu, a haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida. In rani ya yi nisa sai a ɗora wa jaki mangala, a yi ta jigila zuwa gona, a zuba tsibi-tsibi kamar an jera huluna. Ruwan farko na sauka, ƙamshin da gonar nan take yi har yau yana cikin hancina. A shuka gero, a bi shi da dawa, a sa wake a tsakani, gyaɗa a can gefe. Gero ya riga kowa nuna, mu ci tumu bakinmu ya yi baƙi. Da kaka a ɗebe wake, a naɗe harawa a ɗora kan rassan bishiya da kan soro, a tara karmami, a kafe kara. Dabbobi su ci abin da gona ta bari, gona ta ci abin da dabbobi suka bari, mu kuma mu ci daga wajen su biyun. Gonar kakanka ba ta da wani girma, ka san yadda ƙasarmu take, gida na jikin gida, gona na jikin gona, ba a taɓa barin ta ta huta ko shekara guda ba. Amma ban tuna ranar da ta gaza mu ba.

Da kakanka ya rasu aka raba gandu, na sami gonar gabas, da awaki 'yan kaɗan, da sa guda ɗaya fari sol, muna ce masa Fari. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Sai na ɗaure shi ina ta ciyar da shi, ni kuma ina karya bayana da garmar hannu.

Wanda muka haɗa iyaka da shi a gonar gabas shi ne Baba Nomau, wanda ka sani da farin gashi da sandar gora. A lokacin saurayin magidanci ne, ya ɗan girme ni. Mutanen gidansu can tsallaken rafi suke, iyayensu masu bin al'adar kakanni ne, daga baya suka zama Kirista. A coci Bitrus suke ce masa, amma ko matarsa ban taɓa jin ta kira shi da wannan suna ba. Shi ma gado ya bar masa sa guda, ja, mai suna Jatau.

Wata yamma cikin bazara ina zaune a ƙofar gida sai ga shi janye da Jatau. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon Fari a turke.

Ya ce, "Isyaku, naka ɗaya, nawa ɗaya. Ko dai mu haɗa su, ko mu ci gaba da wahala su kuma suna kallon mu suna tuƙa."

Na ce, "Garmar fa?"

Ya ce, "Akwai ta kawuna, ta yi tsatsa. Kai ka nemo itacen karkiya."

Haka muka fara. Horar da su ya ba mu wuya, don Fari mai gaggawa ne, Jatau kuwa sai ya ga dama. Kunyoyinmu na farko kamar maciji ya bi ta wurin, mutane suna wucewa suna dariya. Amma kafin damina ta raba sun saba da juna, in aka kwance ɗaya sai ɗayan ya yi ta kuka. Yau a gonata, gobe a tasa. Shi ya riƙe garma ni in ja gaba, in ya gaji mu sauya. Ranar Juma'a da hantsi muke kwance su in tafi masallaci, ranar Lahadi kuwa ko fita ba sa yi. Nomau yakan ce, "Duk ƙasar nan babu masu jin daɗi kamar shanun nan. Suna da Juma'a, suna da Lahadi." In mun gama namu mu yi wa wasu huɗa a biya mu, da kaka mu sa musu amalanke su kwaso dammuna. Innarku takan aiko da fura, matarsa ta aiko da dafaffen rogo, mu zauna a kan iyaka mu ci tare. Sunusi, ban tara komai a shekarun nan ba, amma ban san wasu shekaru da na fi kwanciyar hankali kamarsu ba.

Sai zamanin masara da takin zamani ya shigo mana. Taki ya yi arha, ko'ina ka duba ga buhuna. Na ga gonar wani mutum a hanyar Dawakin Tofa, masara ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, kowace da goyo biyu. Na dawo gida na kasa sukuni. Na ce a raina, ni me ya sa zan yi ta yankan ciyawa da kwasar kashin awaki shekara da shekaru, alhali ga taki a buhu, ga tantan, motar noma, ana ɗaukar haya? Na yanke shawarar in sayar da Fari da awakina, in karɓi hayar ƙarin gona, in zuba masara zalla.

Na je na gaya wa Nomau. Ya ce, "To Jatau da wa zai yi huɗa?"

Na ce, "Kai ma ka sayar mana. Tantan za ta yi mana a yini guda abin da muke yi a mako."

Ya ce, "In tantan ta gama za ta bar maka taki a turke?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Ranar kasuwa na ja Fari na tafi. Hanyar ta bi ta bayan gidansu Nomau, Jatau ya hango mu ya fara kuka, Fari ya tirje sai da na sa sanda. Ban waiwaya ba.

Awaki ma na haɗa su duka, har na kai hannu kan wata baƙar akuya mai farin goshi. Innarku ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, waɗancan naka ne, ka yi yadda ka so. Wannan kuwa da ita aka kawo ni gidan nan. Ba ta zuwa ko'ina."

Na ce, "Me za ta ci? Bana ba wake zan shuka ba, babu harawa."

Ta ce, "Abin da zan ci shi za ta ci."

Na ƙyale ta, ina ganin rigimar mata ce kawai.

Ba zan ɓoye maka ba, shekarar farko masara ta yi. Na yi wa ɗakin innarku rufin kwano, na sayi keke da rediyo, ina tafe mutane suna nuna ni. Ta biyu ma ba laifi, sai dai na lura gonar ta nemi taki fiye da na bara kafin ta ba da abin da ta bayar. A ta uku komai ya haɗu. Taki ya yi wuyar samu, wanda aka samu kuma ya fi ƙarfina, rabin abin da ya kamata na zuba. Mai tantan ya ce sai ya gama da manyan gonaki, kafin ya iso gare ni maƙwabta sun yi noman farko. Ƙasar da a da in ka damƙa take marmashewa a hannu ta zama kamar daɓe, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya fito ya yi fure ko'ina. Masara tana fara goyo ruwa ya ɗauke. Na tsaya a kan iyaka ina kallon ganyenta yana naɗewa, a ɗaya gefen kuwa geron Nomau ya riga ya nuna, wakensa yana ta yaɗo da raɓa. Ruwa ɗaya ne ya ɗauke mana, ni da shi. Amma shi yana da gero, yana da wake, yana da gyaɗa, yana da abin turke. Ni abu guda na riƙa, shi ne kuma ya kuɓuce.

Kafin rani ya raba rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji. Na tafi Dawanau ina dakon buhuna, ni da na saba kai nawa hatsin a auna. In na samu in auno kwano ɗaya ko biyu in kawo gida. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ba na mantawa shi ne abin da ya faru da damina ta zagayo, lokacin da babu wanda yake da ko sisi a ƙauye. Yayarku Uwani, tana 'yar ƙarama ba ta daɗe da fara tafiya ba, zazzaɓi ya kama ta, jikinta kamar garwashi. Da rana tsaka ta fara shiɗewa, idanunta suka kafe. Mai maganin garinmu ya duba ta ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Na fita da keken nan ina bi gida-gida, babu mai saye, kowa ta bakin salatinsa yake. Rediyo kuwa ko kallon ta ba a yi ba. Na dawo na tsaya a tsakar gida hannu biyu, ban san inda zan sa kaina ba.

Baƙar akuyar nan ta riga ta haihu tun bara, 'ya'ya biyu, innarku ta rene su da dusa da ɓawon wake na roƙo da ganyen da take tsinkowa a bakin hanya. Ta je ta kwance bunsurun da ke cikinsu, ta miƙo mini igiya, ta ce, "Gidan mahauci." Kafin in dawo ta goya yarinyar. Mahaucin ko ciniki bai tsaya ja ba, don bunsuru ko yaushe yana da kasuwa. Da kuɗin muka hau mota, da su aka yi mata ƙarin ruwa da allurai. Da ta buɗe ido ta ce tana son koko, likitar ta ce da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Uwanin da kake zuwa gidanta yanzu tana cika maka kwano, 'ya'yanta suna hawa wuyanka, wannan bunsurun Allah Ya yi sanadi da shi.

To ka ji. Amfanin gona lokacinsa ɗaya ne, ciwo da haihuwa da mutuwa kuwa ba sa tambayar ko an yi girbi. Abin da yake ɗaure a turke shi ne kaɗai za ka kwance kowace rana ta Allah ya zama magani ko abinci kafin la'asar. Tumatir da kake magana ya fi masara rashin haƙuri. Masara ko ba komai tana jira a rumbu. Shi kuwa ranar da ya nuna, ranar na kowa ya nuna, motoci su cika, masu saye su yi ta yanga, in ka ƙi sayarwa ya ruɓe a kwando. Ka kuma ga yadda tsutsa ta taɓa cinye na mutane a 'yan kwanaki. Ban ce kada ka shuka shi ba, akwai samu a cikinsa. Na ce kada ya zama shi kaɗai ne tsakaninka da yunwa. Ka ba shi rabonsa, ka bar wa albasa wuri, ka sa masara ko alkama don tuwon gida, ka zagaye da wake. Kuma abin da matarka Mariya ta ɗaure da hannunta, ko kaza ce, nata ne. Kada ka kai hannu kai don kana maigida. In ta ce a'a, ka tsaya ka ji dalilinta.

Bayan wannan shekara na mayar da gonar haya, na koma tawa. Kunya ta hana ni zuwa wajen Nomau. Na san tun da na sayar da Fari, sai ya yi tafiya mai nisa wajen wani ɗan'uwansa kafin ya sami abokin huɗa ga Jatau, wani lokaci har shuka ta wuce shi. In na hango shi a gona sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina cire ciyawa. Shi ne dai ya sake zuwa, kamar wancan karon, da yamma, janye da wani ɗan maraƙi mai tabo a ƙugu.

Ya ce, "Isyaku, ka taimake ni ka riƙe mini wannan. Wuri ya yi mini kaɗan. Takin naka ne, in ya isa huɗa mu sa shi."

Na san gidan Nomau. Ko shanu goma ne yana da wurin ɗaure su. Na karɓi igiyar, na ce, "Nomau, ni fa..."

Ya ce, "Ka ba shi kanwa, yana son ta." Ya juya ya tafi. Har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da maganar Fari ba.

Gonar kuwa ba ta yafe mini da wuri kamar yadda ya yafe ba. Shekara uku na yi ina zaluntar ta, amma sai da na ninka haka ina lallashin ta kafin ta dawo. Babu jaki, a ka nake ɗaukar taki, innarku tana tara mini toka da shara, muna tuge ƙuduji da hannu kafin ya zubar da iri. Sannu a hankali ƙasar ta sake yin duhu, ta fara riƙe ruwa. Ban daina sayen takin zamani ba, kada ka ɗauka gaba nake da shi. Amma na gane ɗan kaɗan a kan ƙasar da ta sha takin gida ya fi buhu guda a kan ƙasar da ta mutu. Filin da aka ba ka ana noma shi rani da damina, ba ya hutawa. In kana ɗiba ba ka mayarwa, zai yi maka kyau shekara biyu, a ta uku ka fara zargin iri da ruwa da mutane. Kuma ka tuna aro ne. Ka mayar wa surukinka da ƙasa wadda ta fi yadda ya ba ka.

Akwai kuma wani karo da na yi tuntuɓe ta ɗaya ɓangaren, lokacin kana goye. Dabbobi sun dawo, har sun fi na da. Shanun huɗa biyu nawa na kaina, ga tumaki, ga awaki, ina jin daɗin a ce turken Isyaku ya cika. Da kakar wata shekara wani ɗan kasuwa ya shigo da mota yana sayen harawa, masu kiwon raguna a birni suna nema. Ya taya da kyau. Na duba tulin da ke kan soro na ce ai ya yi yawa, ga kara, ga 'ya'yan gawo za su zuba. Na sayar da kusan duka. Innarku tana kallo ana lodi ta ce, "Malam, abincin bayin Allah ne fa ake fita da shi." Na ce damina ta kusa.

Damina kuwa ta yi jinkiri. Kara ya ƙare, gawo ya gama zuba, harawar da na sayar na koma nema, kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa. Shanun nan ina iya ƙirga haƙarƙarinsu daga zaure. Wata tunkiya mai ciki yunwa ta sa ta cin leda a juji, cikinta ya kumbura, sai yanka ta muka yi. Ranar da aka yi ruwan shuka na sa wa shanun karkiya, ba mu yi nisa ba na hagun ya durƙusa a tsakiyar kunya. Bai yi gardama ba, ƙarfin ne babu. Ya ɗago kai ya dube ni. Na ajiye bulala, na kwance su, na zauna a ƙasa kusa da shi. Sai da innarku ta yi ta dama musu dusa da kanwa, sabuwar ciyawa ta fito, sannan suka tashi. Kafin nan lokacin huɗa ya wuce, shekarar rabin amfani na samu.

Don haka in za ka yi kiwo, ka fara duba abin da za su ci kafin ka duba yawansu. Biyu masu ƙoshi sun fi goma masu rama. Harawa ba rarar gona ba ce, rumbun dabbobi ce, ba a taɓa ta sai an ga sabuwar ciyawa da ido. Sabon irin waken nan mai saurin nuna yana da kyau, amma ganyensa kaɗan ne, ka haɗa da kanannado, waken nan mai yaɗo, ko layi kaɗan ne saboda harawa. Kai ma ka fi ni sa'a, inda kake akwai ɗanyar ciyawa a bakin kwatar ban ruwa har cikin bazara, ga ganyen masara, ga tattakar shinkafa ana ƙonawa a banza. Sai dai ka kula ƙwarai, kada a yanko musu ciyawa inda aka yi feshin magani. Ka tambaya kafin ka sa lauje. In malamin dabbobi ya zo rigakafi kada ka ce sai gobe. Kuma can ba kamar nan ba ne da ake sakin dabbobi bayan girbi. Can kullum akwai shukar wani a tsaye. Ka ɗaure naka da kyau, don akuya ɗaya tana iya ɓata zumuncin shekara goma a hantsi guda.

In injin ne ya tsaya maka a rai, ka fara da ƙarami. Ka turke raguna biyu ka sayar gab da Babbar Sallah, za su kai ka inda kake so ba tare da ka share turke ba. Maruƙan kuwa nan da damina biyu za su shiga garma. Za su yi maka huɗa, su yi wa maƙwabta a biya ka, su ja maka kwandunan tumatir zuwa bakin titi lokacin da masu mota suke tsuga kuɗi.

Akwai abin da ya faru da daminar nan da ta wuce, ranar da ka tafi duba filin, yayanka kuma ya tafi ɗaurin aure. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, na ce ba zan bar wannan danshi ya wuce ba. Na fitar da manyan shanun na sa musu karkiya ni kaɗai, sun san hanya ba sa bukatar mai ja. Kunya ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku gwiwoyina suka ƙi, numfashina ya sarƙe, hannuna ya saki garmar. Ban ce musu komai ba, amma suka tsaya cak. Da sun ci gaba da sun ja ni a ƙasa. Suka tsaya suna jira na, na dama har yana juyo da kai yana hura hanci. A haka innarku ta same mu da ta kawo koko. Ta ajiye kwanon, ta dube ni, ta dubi shanun.

Ta ce, "Malam, ya isa haka. Ka yi naka."

Ban yi mata musu ba. Na bar wa yayanka garma daga ranar. Na ɗauka abin zai yi mini ciwo fiye da haka. Amma da gari ya waye na ga ashe ba a sallame ni ba. Akwai mai jira na a turke. Ni nake ba su ruwa, ni nake dama dusa, ni nake share ƙarƙashinsu in tara a gefe, in na ga wadda ba ta tuƙa in san da matsala. Ragunan da na turke bana su suka yi mana suturar Sallah, ban miƙa wa ɗayanku hannu ba. Tsohon da ya dogara da garma kaɗai, ranar da gwiwa ta ƙi shi ya zama abin ciyarwa. Ni kuwa har yanzu da hannuna a cikin kowane damin da zai shigo gidan nan, ko da ban taka gonar ba. Wannan ma ina so ka same shi in Allah Ya kai ka shekaruna.

Na faɗi abin da zan faɗa. Maruƙanka suna nan lafiya, mai baƙin kunnen ya fara yarda a sa masa igiya a hanci. Ka yi shawara da iyalinka, ka yi istihara. In kun ga za ku riƙe su, ka kafa turaku a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, ka aiko mota. In kuwa ka ga sayarwar ce ta fi, ba zan yi fushi ba, kuma ba za ka ji maganar a bakina ba har abada. Abu ɗaya na roƙa, kada ka aiko dillali. Ka gaya mini da bakinka, ni zan ja su zuwa kasuwa da hannuna, ko da zan huta sau goma a hanya. Ina so in ga fuskar wanda zai tafi da su, in roƙe shi kada ya raba su.

Allah Ya yi maka albarka, Ya albarkaci ƙasar da ka taka da ruwan da za ka ba ta. Ya tsare ka a gona, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare Mariya da abin da take ɗauke da shi, Ya sauke ta lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da ruwa yana gudu a kwata. Ka gaishe da surukanka da kyau. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Ni ne mahaifinka,
Isyaku